Kafin Gwiwa Ta Ƙi Lanƙwasuwa

A ɗakin gashin ƙashi inda nake aiki, ƙorafin da na fi ji daga dattawa shi ne: "Likita, na daina iya zaman tahiya." Wasu sanyin ƙashi ne ya cinye musu gwiwa, wannan maganarsa daban. Amma da yawa idan na taɓa cinya da sharaɓa, sai in tarar tsokar ta ɗaure tamau.

Abin da ya fi damuna, matsalar ta sauko kan matasa. Kwanaki wani tela ya zo mini, bai cika shekara 40 ba. Tun safe yana kan keke har la'asar, wuya a sunkuye, gwiwa a naɗe, idan ya tashi sai ya dafa ƙugu kafin ya tsaya daidai. Haka direbobin Adaidaita Sahu da na manyan motoci, haka masu wuni gaban kwamfuta. Tsoka tana sabawa da yadda aka fi barin ta. Wadda kullum take a takure, ranar da aka nemi ta saki sai ta ƙi.

Maganin da na rubuta wa telan nan ba na sayarwa ba ne: miƙa. Ka fara ɗumama jiki da ɗan tattaki na minti 5 zuwa 10. Sannan ka dafa bango, ka mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, har ka ji sharaɓa ta ɗame. Ko ka ɗora diddige kan ɗan benci, ka sunkuyo a hankali ba tare da ka lanƙwasa gadon baya ba. Ka riƙe daƙiƙa 15 zuwa 30 kana numfashi, dattijo ya kai har 60. Ka maimaita sau 2 zuwa 4, aƙalla kwana 2 ko 3 a mako, kullum ma ya fi. Kada ka fizga. Ɗamewa ake nema, da zarar ta zama zafi ka wuce gona da iri.

Masu ciwon suga su kula da kafaɗa musamman, domin ta fi saurin daskare musu. Masu jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye kuma, don Allah kada a bar hannun a dunƙule, a nemi ma'aikacin gashi ya koya muku yadda ake motsa shi, kafin gaɓoɓin su ƙage.

Miƙa ba ta rage tumbi, ba ta maye gurbin tattaki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wannan yana nan daram.

Idan zafi yana harbawa daga ƙugu zuwa ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko gaɓa ta kumbura, ka dakata da miƙa, ka zo asibiti a duba ka tukuna.