Darasi: Bashi a Sana'ar Cikin Gida, Yadda Za Mu Tsare Jari Mu Tsare Zumunci

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi matan karkara masu sana'ar cikin gida, da duk uwargidan da ke saye a wurinsu. Magana ce a kan bashi, wanda Hausawa suka ce hanji ne, yana cikin kowa. Sana'o'i da yawa bashi ne ya kashe su, kuma sau da yawa yakan tafi har da zumunci.

Kasuwar da ba ta da rumfa

Kasuwar ƙauye ba kullum take ci ba. Ko manyan kasuwanni ranarsu ɗaya ce a mako: Wudil ranar Juma'a, Ɗambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis. To, a sauran kwanaki shidan ina ake samun man gyaɗa, daddawa, gishiri, kuka da barkono? A ɗakunan mata. Wannan gida ana ƙuli-ƙuli, wancan ana fura, na gaba ana ƙosai da koko, wata kuma tana auna gero da dawa a mudu, yara na kai kawo tsakanin gidaje da kwano a hannu.

Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna cewa ciniki mai yawa, har da na hatsi, a cikin gidaje matan aure ke yin sa. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki, domin baƙo ba ya ganin sa. Da shi mace ke yi wa 'yarta kayan ɗaki, ta kai gudummawar biki, ta sayi magani idan maigida ya tafi cin rani.

Yadda bashi ke cinye jari

Mu ɗauki misali. A ce mai ƙuli-ƙuli ta kashe N10,000 a kan gyaɗa, itace da kuɗin niƙa. Ta soya, ta matse mai, ta tuya ƙuli. Idan komai ya ƙare za ta tashi da N12,000, wato ribarta N2,000. Amma facalarta ta karɓi kwalbar mai, maƙwabciya ta aiko a ba yara ƙuli, goggo ta ce a zuba mata kafin kasuwa, duka ya kama N3,000. Ranar kasuwa abin da ke hannunta N9,000 ne. Kin ga ribar ta tafi, har an taɓa uwar kuɗi. Dole ta rage gyaɗar da za ta saro. Idan aka yi haka kasuwa uku ko huɗu, sai ki ji ana cewa wance ta daina sana'a.

Ga kuma matsalar lokaci. Hatsi da gyaɗa suna araha da kaka, su yi tsada idan damina ta yi nisa, rumbuna sun yi ƙasa. Kuɗin mudu guda da aka ci bashi da kaka, idan ba a biya ba sai tsakiyar damina, ba lallai ya sake sayen mudun ba. An ga haka ƙarara a 2023. A farkon shekarar canjin kuɗi ya jawo ƙarancin takardun naira, mutane suka koma cin bashi ko suna so ko ba sa so. A watan Mayu kuma aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kaya suka bi shi. Wadda kuɗinta ya daɗe a hannun mutane ta yi asara ko da an biya ta cif-cif.

Me ya sa tambaya ke da wuya?

Kunya ce. A ƙauye mai saye ba baƙuwa ba ce. Uwar mijinki ce, ko kishiya, ko aminiyar da za ta zo ta taya ki daka ranar suna. Yaya za ki buɗe baki ki ce, "Inna, kuɗin man nan fa?" Sannan yawancin bashin ta bakin yaro yake zuwa: "Wai in ji Yaya a ba ta na ɗari biyar, za ta aiko." Bayan wata biyu ke kin ce kwalba biyu ce, ita ta ce ɗaya ce, shaidar kuwa yaro ne ɗan shekara bakwai. Daga nan sai gaisuwa ta yi sanyi, a hana yara shiga gidan juna, har maza su shigo cikin maganar.

Abin da Shari'a ta tsara

Cin bashi ba abin kunya ba ne. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Amma an yi wa bashi ƙa'ida. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi take: a yanka masa lokaci, a rubuta shi komai ƙanƙantarsa, a kafa shaidu. Aya ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ta saurara wa wadda ke cikin ƙunci har ta samu, tare da nuna cewa yafewa ta fi alheri. A ɗaya ɓangaren, hadisi ingantacce ya ƙidaya jan ƙafar mai hali wajen biya a cikin zalunci.

Abubuwa biyu kuma mu kiyaye. Na farko, ba a ƙara wa mai bashi ko kwabo don ta yi jinkiri, wannan kuɗin ruwa ne. Na biyu, malaman Malikiyya sun ce musayar abinci da abinci dole ta zama hannu da hannu. Saboda haka "ba ni kwalbar mai yanzu, in an yi girbi in ba ki gero" ba ta halatta a wurinsu. Amma rancen mudun gero a mayar da mudun gero daidai, wannan babu laifi.

Matakan da mai sana'a za ta bi

1. Raba jari da riba. Duk ranar da kaya suka ƙare, fara cire uwar kuɗi ki ajiye daban. Cefane da zubin adashe daga riba za su fito.

2. Yanka wa bashi iyaka. Kada abin da ke waje ya wuce ribar da kike samu a zagaye ɗaya. Idan ya cika, ki ce, "Wallahi Yaya, kuɗin sari ne ya rage, ki yi haƙuri sai bayan kasuwa."

3. Sa rana. "In Allah Ya hore" addu'a ce mai kyau, amma a haɗa ta da rana sananniya, kamar jajibirin kasuwa.

4. Rubuta. Ƙaramin littafi ya isa, da boko ko da ajami. Wadda ba ta iya ba, ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata, ko ta riƙa jan layi da gawayi a bango, kowace mai bashi da wurinta.

5. Tabbatar da saƙon yaro. Idan abin ya yi yawa, ki aika a tambayo, ko ki kira ta a waya.

6. Bambanta kyauta da bashi. Abin da kika san ba za ki iya tambayar uwar miji ba, ki ba ta daidai ƙarfinki da sunan kyauta, ki samu lada, zuciyarki ta huta.

Ke kuma mai saye

Ki tuna kuɗin da kika riƙe shi ne jarin 'yar'uwarki. Kada ki ci bashi a nan, ranar da kika samu kuɗi kuma ki aika wani gida don gudun haɗuwa da ita. Idan babu duka, kai rabi. Idan babu ko kaɗan, je da ƙafarki ki faɗa mata gaskiya, ai zumunta a ƙafa take. Ki kuma sanar da maigida ko babbar 'yarki abin da ake bin ki, domin rai ba ya sallama, kuma ana biyan bashin mamaci kafin a raba gado.

Aikin wannan mako

Kowace ta zauna ta lissafa abin da take bi da abin da ake bin ta. Wanda za ki iya biya, ki biya kafin kasuwa mai zuwa. Wadda kika san ba ta da shi, ki ɗaga mata ƙafa ko ki yafe. Abin da ya shige miki duhu, ki kai wa malamarku a Islamiyya.

Allah Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya raba mu da nauyin bashi duniya da lahira, amin. Wassalamu alaikum.