Kafin Ka Sayi Kafso a Kemis

Amoxicillin da ampiclox da tetracycline duk magungunan kashe bakteriya ne, amma ba duka wuri ɗaya suke kai hari ba. Dangin penicillin, irin su amoxicillin da ampiclox, suna hana ƙwayar cutar gina bangon jikinta, sai ta fashe. Tetracycline kuwa hana ta ƙera furotin yake yi. Ƙwayar bairas, mai kawo mura, ba ta da wannan bango, shi ya sa kafso ba ya warkar da mura ko kaɗan.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda ƙwayoyin bakteriya ke gagarar magani. Cikin miliyoyinsu akan sami ƴan kaɗan masu fitar da sinadarin da ke lalata maganin, ko masu tunkuɗo shi waje. Duk lokacin da aka sha kafso, sai raunanan su mutu, waɗannan su samu fili. Wasu bakteriya suna ninkuwa cikin minti 20, har ma suna miƙa wa maƙwabtansu wannan kariya. Alexander Fleming, wanda ya gano penicillin a 1928, ya yi gargaɗi kan shan abin da bai kai ƙima ba tun 1945.

Don haka, ɗan'uwa, a bar likita ya duba, in da hali a yi gwaji. Ka sha a kan lokaci, iya kwanakin da aka rubuta. Kada ka sayi ƙwaya biyu don kuɗi sun gaza, kada ka ba yaro ragowar na wani. Masu kiwon kaji ma, a daina zuba maganin a ruwan kaji masu lafiya.