Yadda A Ke Bin Sawun Matsalar Layin Waya: Darasi Daga ISDN

Zuwa ga Hakimai da Malaman ofisoshinsu.

Makasudin wannan darasi shi ne a nuna yadda a ke gano inda ɓarna ta ke idan kwamfutar ofis ta ƙi haɗuwa da intanet. Mun ɗauki misali daga ISDN, watau wani tsarin wayar tarho wanda hukumar CCITT ta bayyana ƙa'idodinsa a 1988, ya kuwa yi tashe a Jamus da waɗansu ƙasashen Turai cikin shekarun 1990.

Layin ISDN na ƙaramin ofis hanya uku gare shi. Biyu a ke kira B, kowace tana ɗaukar kilobit 64 a sakan. Ta uku ita ce D, mai kilobit 16, aikinta buga kira da karɓarsa. In an gama B biyun sai a sami kilobit 128. Dabarar gamawar sunanta Multilink PPP, an rubuta ta a 1994, aka gyara a 1996. Misalinta kamar kayan fatake ne da aka raba wa jaki biyu, kowane ƙunshi da lambarsa, domin mai karɓa ya jera su yadda su ke. Amma fa lalle ya san jakunan nan biyu na mutum guda ne.

To, ga yadda masana su kan bi matsala a kwamfuta mai tsarin Unix ko Linux.

1. Waya tukuna. In hanyar D ba ta tashi ba, ba kiran da zai fita. A Amurka galibi laifin lambar SPID ne, wadda kamfanin tarho ke bayarwa. A Turai kuwa lambar MSN ce aka rubuta ba daidai ba.

2. Sallama a ƙofa. Da modam na tarho, wani ɗan shiri mai suna chat shi ke jiran a tambaye shi suna da kalmar sirri. In na'urar kamfani ta fara PPP ba tare da tambaya ba, sai ya yi ta jira har layi ya yanke. Cikin PPP kuwa shaida iri biyu ce: PAP, mai aika kalmar sirri a fili, da CHAP, mai amsa ƙalubale ba tare da ya bayyana ta ba. Ana ajiye su cikin /etc/ppp/pap-secrets da /etc/ppp/chap-secrets. Harafi guda ya saɓa, an ƙi baƙo.

3. Hanya guda. Kada a gwada biyu sai ɗaya ta zauna sosai. Waɗansu layukan Amurka kilobit 56 kaɗai su ke ɗauka, saboda haka kiran 64 ya kan faɗi.

4. Sa'an nan ta biyu. A da, a Linux sai an sa wa shirin ipppd umurnin +mp. In ta shiga ta fita nan da nan, a duba abu uku: ko kamfani bai yarda wa wannan suna hanya biyu ba; ko kiran biyu ya sauka a wata na'ura dabam da ta farko, wadda ba ta san da ɗan'uwansa ba; ko wani yana magana a tarho bisa hanyar.

A kowane mataki a sa umurnin debug, a karanta abin da kwamfuta ta rubuta cikin littafin aikinta, gama nan ta ke faɗin dalilin ƙi. A lura kuma, kowace hanyar B kira ce mai kuɗinta. Ofishin da ya bar na'ura tana ta maimaita kiran da ba ya zama, kuɗin waya ne za su tone shi a ƙarshen wata.

An cire tsohon shirin ISDN, watau isdn4linux, daga Linux a 2019. Amma PPP da PAP da CHAP suna nan cikin PPPoE, wanda kamfanoni da yawa ke haɗa ofisoshi da shi. Saboda haka ana roƙon Hakimai su umurci Malamansu, in layi ya lalace, su canja abu guda a lokaci guda, su rubuta abin da su ka canja da ranar, su ajiye takardar kafin a kira mai gyara.