KATIN RIGAKAFI: 'YAR TAKARDAR DA LIKITOCI KE KARANTA TARIHINMU A CIKINTA

 

Kafin mu zauna rubuta darasin wannan mako, mun yi wa 'yan ajinmu tambaya ɗaya: wa ya san inda katin rigakafinsa na jarirantaka yake? Hannuwa kaɗan ne suka tashi. Wani ya ce ɓera ya cinye nasa a cikin akwati. Wata ta ce nata ya jiƙe da damina har rubutun ya goge. Wani kuma ya ce bai taɓa jin labarinsa ba. Kowa ya yi dariya, har da mu. Amma da muka karanta binciken da likitoci suka yi a 'yan shekarun nan, sai dariyar ta tsaya, domin mun gano cewa da irin wannan rubutu ne aka tabbatar allura tana iya hana ciwon daji. Ga abin da muka koyo, kashi huɗu.

NA ƊAYA: MENE NE CIWON DAJI?

Malamin kimiyya ya koya mana cewa jikinmu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani. Suna rabuwa su yawaita, tsofaffi su mutu, sababbi su maye gurbinsu, duk bisa tsari. Ciwon daji, wanda ake kira kansa ko sankara, yana farawa ne idan wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suka bar tsarin, suka ci gaba da yawaita ba tsayawa. Sai su zama ƙari, daga baya su iya bazuwa zuwa wasu sassan jiki.

Abubuwa da yawa suna jawo shi, kamar shan taba. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, akwai nau'in da ƙwayar cuta ke haddasawa. Wani masani Bajamushe mai suna Harald zur Hausen ne ya gano cewa ƙwayar cutar da ake kira HPV ita ce ke jawo sankarar bakin mahaifa, kuma saboda wannan aiki ya sami kyautar Nobel a shekarar 2008. Ƙwayar tana da nau'i da yawa, amma guda biyu, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke jawo wajen kashi 70 cikin 100 na wannan sankara.

Ana ɗaukar ƙwayar ta hanyar cuɗanyar jiki tsakanin manya. Yawancin waɗanda suka ɗauka, jikinsu yana kashe ta da kansa ba tare da sun sani ba. A jikin wasu mata kuwa takan laɓe, sai bayan shekara 15 ko 20 ta zama sankara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mata wajen 12,000 ne suka kamu da wannan ciwo a Najeriya, kuma wajen 8,000 suka rasu. Waɗannan iyayen wasu ne, da yayyen wasu, da gwaggonnin wasu.

NA BIYU: YADDA RUBUTU YA ZAMA SHAIDA

An samar da allurar rigakafin HPV, amma akwai matsala. Tunda ciwon yana ɗaukar shekaru kafin ya bayyana, ta yaya za a san allurar da aka yi wa yarinya yau ta kare ta bayan ta girma? Ba za a dogara da tunawa ba, don mutum yakan manta. Abin da masu bincike suka yi shi ne, suka ɗauko rajistar waɗanda aka yi wa allura, suka ɗauko rajistar waɗanda suka kamu da sankara, suka jera su suka kwatanta.

A ƙasar Suwidin an bi bayanan 'yan mata da mata wajen miliyan 1.7 daga 2006 zuwa 2017. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna cewa waɗanda aka yi wa allurar kafin su kai shekara 17, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 88 cikin 100.

A Ingila an fara yi wa 'yan mata allurar a 2008. Binciken da ya fito a 2021 ya raba su gida uku. A cikin waɗanda aka kai wa allurar suna da shekara 12 zuwa 13, ciwon ya ragu da kashi 87 cikin 100. Masu shekara 14 zuwa 16, kashi 62. Masu shekara 16 zuwa 18, kashi 34 kawai. Ku sake duba waɗannan alƙaluma. Duk yadda aka yi jinkiri, amfanin yana raguwa, domin allurar ba ta warkar da wadda ƙwayar ta riga ta shiga jikinta. Tare hanya take yi tun kafin ƙwayar ta iso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Sukotlan kuma, binciken da aka fitar a farkon 2024 bai sami ko mace ɗaya da ta kamu da sankarar bakin mahaifa ba a cikin waɗanda aka yi wa allurar suna da shekara 12 ko 13.

Afirka ma ta ba da nata. Wani bincike da aka yi a Kenya ya nuna cewa allura ɗaya tak tana ba da kariya mai ƙarfi, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa yin guda ɗaya. Wannan ya sauƙaƙa wa ƙasashe irin tamu. Ranar 24 ga Oktoba, 2023, Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 wannan allura kyauta. Wato sa'anninmu ne, mu 'yan ƙaramar sakandare, da ƙannenmu na firamare.

Mun san abin da ake faɗa a unguwanni, cewa wai allurar tana hana haihuwa. Ba mu raina tsoron iyayenmu ba, don ƙauna ce ta sa suke tambaya. Amma an yi fiye da shekara 15 ana yin wannan allura a ƙasashe da yawa, ana kuma bin bayanan waɗanda aka yi wa, kuma binciken bai nuna tana hana haihuwa ba. Abin da aka fi gani shi ne ɗan ciwo ko kumburi a damtse na kwana ɗaya ko biyu. Sankarar kanta ce takan sa a cire wa mace mahaifa. Duk wadda iyayenta ke da shakka, ta roƙe su cikin ladabi su je asibiti mafi kusa su tambayi ma'aikatan lafiya da bakinsu.

Maza, kada ku ce wannan darasi na mata ne. Akwai wata allura a katin kowa da ke da alaƙa da ciwon daji, wato ta ciwon hanta nau'in B, wadda ake so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Ƙwayar wannan cuta tana iya zama a hanta shekara da shekaru har ta jawo sankarar hanta. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kuma daga baya bincike ya nuna sankarar hanta ta ragu a cikin yaran can.

NA UKU: HAƘORI DA ƘASHIN DA KE RIƘE SHI

Wani zai ce, to me ya haɗa katin rigakafi da haƙori? Ku biyo mu.

Abin da muke gani idan muka yi murmushi saman haƙori ne kawai. Saiwarsa tana binne cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuma ya rufe ta. Idan ba a wanke baki ba, wani datti mai yauƙi cike da ƙwayoyin cuta yakan taru a gindin haƙori, ya daskare. Sai dasashi ya kumbura, ya riƙa jini idan ana goge baki. A wannan mataki ana iya warkewa sarai. Idan aka bari, ciwon yakan nutsa ƙasa ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe haƙorin, har haƙori ya fara girgiza ya faɗi. Ƙashin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa da kansa.

Akwai wata muguwar cuta da ke farawa daga dasashi, sunanta noma. Ba noman gona ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda ba sa samun isasshen abinci mai gina jiki, ko waɗanda wata cuta kamar ƙyanda ta raunana. Tana farawa da ɗan gyambo a dasashi da warin baki, sai kumatu ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta ci nama da ƙashin fuska. Idan ba a yi magani ba, yara har 9 cikin 10 na iya mutuwa. Idan kuwa an kai yaro asibiti da wuri, magungunan kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai kyau suna tsayar da ita.

A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe a 1999 domin masu wannan cuta. Najeriya ce kuma ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a kula da ita, har a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ga inda zancen ya haɗu: allurar ƙyanda da ake yi wa yaro a wata 9, a sake a wata 15, tana cikin abubuwan da ke rage haɗarin noma. Katin ne kuma zai nuna ko ƙanenmu ya sami ta biyun ko an manta.

NA HUƊU: AIKINMU

1. Mu tambayi iyayenmu mata inda katinmu yake, da na ƙannenmu. Mu karanta musu abin da aka rubuta, mu duba ranar komawa asibiti.

2. Mu sa katin cikin leda, mu ajiye shi tare da takardar haihuwa. Idan akwai waya a gida, a ɗauki hotonsa.

3. Idan ya ɓata, kada a ji kunya. A je asibitin da aka yi allurar a yi bayani.

4. Duk wadda aka yi wa allurar HPV ta adana shaidarta. Wadda ba a yi wa ba, ta yi magana da iyayenta.

5. Mu goge baki safe da dare da burushi da man goge baki. Asuwaki ma yana da amfani idan aka bi kowane haƙori a hankali.

6. Mu leƙa bakin ƙannenmu. Idan muka ga dasashi yana jini, ko gyambo, ko kumatu ya kumbura, mu gaya wa manya a ranar, kada a jira gobe.

7. Mu nisanci taba kowace iri, domin tana lalata dasashi, tana kuma jawo sankarar baki da ta huhu.

GWADA KANKA

a. 'Yan mata masu shekara nawa zuwa nawa aka fara yi wa allurar HPV a Najeriya a 2023?
b. Me ya sa amfanin allurar ya fi yawa ga masu shekara 12 zuwa 13 a binciken Ingila?
c. Wace allura ce ke taimakawa wajen rage haɗarin cutar noma?

A rubuta amsa a 'yar takarda, da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba. Muna kuma roƙon kowa ya zo ranar Litinin da amsar tambayarmu ta farko, bayan ya tambaya a gida. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ƙara mana lafiya, mu da iyayenmu, amin.

Daga wakilan shafin lafiya, aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta.