Darasi na Bakwai: Kafa Manhajar Daidaita Fayiloli a Kwamfutar Tebur

Gabatarwa

Sau da yawa malami kan shafe makonni yana tsara darussa da sakamakon jarrabawa a kwamfuta, kwatsam na'urar ta lalace, aikin ya salwanta. A wannan darasi za a bayyana manhajar da ke kare malami daga irin wannan asara, da yadda ake kafa ta.

Ma'anar Daidaita Fayiloli

Daidaita fayiloli shi ne samar da kwafi iri ɗaya a kwamfuta da kuma ma'ajiyar intanet, ta yadda duk gyaran da aka yi a ɗaya zai bayyana a ɗayan. Daga cikin fitattun manhajojin akwai Dropbox da ta fito a 2008, mai ba da gigabait 2 kyauta, da Google Drive da ta fito a 2012, mai ba da gigabait 15.

Matakan Kafa Google Drive

1. A sauko da manhajar daga shafin Google na ainihi, sannan a girka ta.
2. A shiga da adireshin imel da kalmar sirri.
3. A zaɓi foldar da ake son daidaitawa.
4. A zaɓi tsarin ajiya. Tsari na farko yakan bar fayiloli a intanet, sai an buɗe su suke saukowa. Na biyu kuwa yakan ajiye cikakken kwafi a kwamfuta. Shi ya fi dacewa da makarantar da intanet ke yawan yankewa, sai dai yana cin wuri.

Abin Lura

Wajibi ne ɗalibi ya fahimci cewa manhajar tana daidaita kuskure kamar yadda take daidaita gyara. Idan aka goge fayil a kwamfuta, zai goge a intanet ma. Yakan zauna a kwandon shara kwana 30, bayan nan ya tafi ke nan. Saboda haka muhimman takardu na buƙatar wani kwafi na daban. Haka kuma, malamin da ke amfani da kwamfutar ofis ya riƙa fita daga asusunsa, domin sakamakon ɗalibai amana ne.

Auna Fahimta

1. Bayyana bambancin tsarin ajiya guda biyu.
2. Me zai faru idan aka goge fayil daga foldar da aka daidaita?