Bayanin Ƙarancin Maki Wajen Neman Gurbin Karatun Lauya: Nazari Daga Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Karatun lauya na cikin fannonin da ake rububi a jami'o'in Nijeriya, domin akan ƙayyade wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wannan maƙala ta dubi matsayin ɗalibin ƙasar Haɗeja da ya gaza a jarrabawar UTME, wadda hukumar JAMB ke shiryawa bisa maki 400, da yadda zai bayyana uzurinsa.

2.0 Tushen Uzuri

Kogin Haɗeja yakan yi ambaliya a watannin Agusta da Satumba, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022 a Auyo da Kafin Hausa da Guri da Kirikasamma. Jarrabawar kuwa da bazara aka fi yin ta. Ke nan ruwa ba ya hana ɗalibi shiga ɗakin jarrabawa. Abin da yake cinyewa shi ne zangon farko na ajin ƙarshe, lokacin da wasu makarantu ke zama matsugunin waɗanda ruwa ya kora, amfanin gonar da ake sayen littattafai da kuɗinsa kuma ya salwanta.

3.0 Inda Ake Sauraren Uzuri

A Amurka, mai neman karatun lauya da ya samu maki kaɗan a jarrabawar LSAT yakan haɗa gajeriyar takardar bayani da takardunsa. A Nijeriya kuwa, manhajar CAPS da JAMB ta ɓullo da ita a 2017 alƙaluma take dubawa. Uzurin da tsarin ya sani na jama'a ne: jami'o'in tarayya kan ware kashi 45 cikin ɗari na gurabe don cancanta, 35 don jihohin yankinsu, 20 don jihohin da ke baya a ilimin boko, kuma Jigawa na cikinsu. Haka nan a 2025 JAMB ta sake wa ɗalibai 379,997 jarrabawa a Legas da kudu maso gabas, saboda tangarɗar na'ura da aka tabbatar.

4.0 Sigar Bayani

Idan ɗalibi zai rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ko masu ba da tallafin karatu, wajibi ne bayaninsa ya cika sharuɗɗa uku. Na farko, ya faɗi abin da ya faru da lokacinsa, ba ƙari. Na biyu, ya haɗa da shaidar shugaban makaranta. Na uku, ya kawo hujjar ƙwazo, kamar kyakkyawan sakamakon WAEC ko NECO a Ingilishi da adabi. Wanda zai zama lauya, da hujja ake fara gane shi.

5.0 Kammalawa

Bayani ba ya ƙara maki. Wanda gurbi ya kuɓuce masa yana iya sake zama jarrabawar, ko ya bi ta IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke gudanarwa, ko ya yi difloma a fannin shari'a, sannan ya nemi shiga aji biyu kai tsaye.