Darasi: Karcewar Faifai, Tabarau da Farantin Sola

Ƙasarmu ƙasar rairayi ce. Daga Tasawa har Mayahi, in hunturu ya kama, ƙura ba ta barin komai. Ƙwayar rairayi ta fi gilashi tauri. Wanda ya goge ƙura a bushe, shi ya karce kayansa da hannunsa.

Yadda man gogi yake aiki

Man goge haƙori da man goge ƙarfe suna ɗauke da gari mai laushi ƙwarai. Ba sa cike karcewa. Cin gefenta suke yi kaɗan-kaɗan har wurin ya daidaita. Shi ya sa suke gyara wani abu, su ɓata wani.

Inda yake da amfani

Faifan CD roba ce. In ya karce yana tsallake magana, a yi haka:

1. A wanke shi da ruwa mai tsabta.
2. A ɗiga farin man goge haƙori kamar ƙwayar wake a fuskar da ke ƙyalli.
3. A murza da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Kada a bi da'ira.
4. A ɗauraye, a bar shi ya bushe a inuwa.

In karcewar ta yi zurfi, ko tana fuskar da ke da rubutu, babu gyara. Murfin roba na fitilar babur ma yakan washe da wannan dabara.

Inda yake ɓarna

Tabarau na karatu: yawancinsu suna da siririn shafi a fuska. Man gogi yana cinye shi, gani ya dushe. Kada garin neman gira a rasa ido. Ruwa da ɗan sabulu sun isa.

Farantin sola: masu lambu a Gulbin Kaba da masu cajin waya, ku kula. Toka da yashi na tukunya ne, ba na faranti ba. Faranti mai ƙura ko karcewa yana rage wuta, ruwan famfo ya ragu. A fara zuba ruwa, sannan a bi da tsumma mai laushi, da sassafe ko da yamma. Ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi yana iya tsaga shi.

Tambayoyi

1. Don me ba a goge ƙura a bushe?
2. Wane lokaci ya dace a wanke farantin sola?